Shafa a Kan Safa

Kafin rana ta take tsaka, takardun ƙuri'a sun ƙare a Gidan Ɓaure. Da a nan maganar ta tsaya, da ba wanda zai ɗaga kai. Ƙauyen, wanda ke tsakanin Gaya da Ajingi, ya saba da wannan: duk zaɓen kansila sai takardu su kasa, mutane su gama gasuwa a layi, su kakkaɓe riga su koma gona. Abin da ya ɓata ranar shi ne da aka juye akwati da yamma, sai aka ga ƙuri'un ciki sun fi mutanen da suka jefa yawa nesa ba kusa ba. Rarar duk ta ɗan takara ɗaya ce, kuma ninkinsu iri ɗaya ne.

Nan take wuri ya hargitse. Wani ya yi ƙwallo da akwatin, takardu suka watse, iska ta kwashi rabonta. Aka soke zaɓen rumfar baki ɗaya, wanda ya samu ya jefa da wanda bai samu ba duk suka tashi a tutar babu. Sai mai unguwa ya ce kowa ya miƙo hannunsa a duba. Duk wanda ya yi zaɓe yana da ɗigon tawada a babban yatsa, wannan ba laifi ba ne. Amma da aka zo kan Lurwanu, mai adaidaita sahun da ya ɗauko kayan zaɓe daga Gaya, sai ga yatsunsa uku sun rine har cikin farce.

"Jibi ne," in ji Lurwanu. "Gyambon mahaifiyata nake sa wa kullum da safe. Kowa ya sani."

Kowa ya sani kuwa, amma ran nan ba wanda ya tuna. Launin jibi, shuɗin maganin nan da ake shafa wa ciwo, da na tawadar zaɓe kusan ɗaya ne, kuma mutanen da suka yini a rana suna neman wanda za su huce a kansa. Malam Muzammil, na'ibin limamin gari, shi ya hana a doke shi. Ya ɗauko Alƙur'ani ya ce a yi rantsuwa, kuma duk mai rantsewa ya sake alwala a gaban jama'a. Shi ya tsara kalmomin, shi ya fara: "Na rantse da wanda ya saukar da wannan littafi, hannuna bai dangwala ko ɗaya ba sai ƙuri'ata."

Wakilan jam'iyyu suka rantse, mai gadin makaranta ya rantse. Lurwanu ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce shi ba zai dafa ba. Kafin magariba gari ya miƙa shi ga 'yan sanda, har da masu ba da shaida.

*

Maiwada, kawun Lurwanu, ba ya gari ranar. Yana can wajen Ajingi yana bin sawun wasu shanu da aka kora, don sana'arsa ke nan tun yana da ƙarfin gudu. Zaɓe kuwa ya daɗe da daina zuwa. Ya ce tsayuwar da zai yi a layi gara ya yi ta a kan gyaɗarsa. Washegari da hantsi ya shigo, ya tarar da yayarsa Uwa, mahaifiyar Lurwanu, zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafa, ƙudaje na zagaya tsumman da ke ɗaure a ƙaurinta.

"Ni na ja masa," ta ce tun kafin ya zauna. "Ka tuna ubansa ya dafa Alƙur'ani a kan rikicin iyakar gona, da gaskiyarsa, amma bai ga wata damina ba. Tun Lurwanu yana ƙarami na ce masa ko wuƙa aka sa masa a wuya kada ya dafa. Ga shi ya ji maganata."

"Yaya, bar wannan. Wa ya wanke miki ciwon yau?"

Ta dubi ƙafarta. Maiwada ya kwance tsumman, ya ga abin da bai so gani ba, ya ɗauko kwalbar jibin daga taga ya sa mata da ɗan kara, yana yi yana kau da kai. Shekara da shekaru Lurwanu ke wannan aiki da yatsa, don ya ce kara yana fama mata.

"Shanun mutane kake dawo musu da su," in ji Uwa. "Ni ɗa ɗaya gare ni. Dawo min da shi."

Maiwada ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

A teburin mai shayi musu ake yi, irin wanda ake yi bayan kowane zaɓe, da mutanen nan dai, da bakin nan dai. Wani ya ce daga gari ake rage takardun da gangan, don an san ƙauye ba ya ƙara. Wani ya ce ƙarya ne, a cike suke tahowa, a hanya ake sayar da su. Wani dattijo ya ce shi dai tun da aka fara zaɓen nan bai taɓa ganin an kawo abin da ya ishi gari ba, ko taki ne ko ƙuri'a. Ba wanda ya ambaci Lurwanu. Sai da Maiwada ya ja benci ya zauna sannan aka rage murya, wani ya ce ai an ga Datti ya tare adaidaitar a kwanar rafi da sassafe.

Datti shi ne wakilin ɗaya jam'iyyar, wadda mutanen Gangare ke bi. Gangare unguwa ce a can ƙasan rafi, mutanenta sai sun leƙa gona suke zuwa zaɓe, saboda haka kullum su ne a ƙarshen layi, kullum kuma a kansu takardu ke ƙarewa.

Filin makaranta ba abin da zai karanta a ciki, ƙafafu sun gama tattake shi. Amma kwanar rafi yashi ne mai laima, ruwan ƙarshe bai daɗe da ɗaukewa ba. Maiwada ya tsuguna. Ga inda tayoyi ukun adaidaitar suka tsaya, ga babur ya zo daga gabas ya sha gabanta, tayarsa ta baya da faci. Mutum ɗaya ya sauka ya zagaya bayan adaidaitar ya daɗe a tsaye, sannan ya koma. Zuciyar Maiwada ta ɗan yi sanyi. Ya bi facin nan har bakin kwalta, ya hau mota zuwa Ajingi, don an ce masa Datti na can wajen murna.

Ya same shi a wata rumfa ana ta raba lemo. Soke rumfar Gidan Ɓaure ya yi wa ɗan takararsu daɗi, don da aka cire ta sai lissafi ya faɗa musu.

"Na tare su, Baba Maiwada, ban musa ba," in ji Datti yana goge baki. "Mutanena ake cuta duk shekara, shi ya sa na ce sai na gani da idona. Malamar zaɓen ta buɗe min jaka. Bandir-bandir suke, a cike, ba wanda aka taɓa. Na ce alhamdu lillahi, bana kowa zai samu. Ka tambaye ta."

"To ka faɗa wa 'yan sanda haka?"

"Ba su tambaye ni ba."

"Yaron fa yana tsare."

Datti ya kalli 'yan uwansa, ya kalli lemon hannunsa. "Allah ya fito da shi," ya ce. Maiwada ya tashi ransa a ɓace, ga shi kuma ya yi asarar yini a kan sawun da ba na ɓarawo ba.

*

Malamar zaɓen sunanta Haulat, tana koyarwa a wata firamare a Gaya, aikin zaɓen na kwana ɗaya ne ta samu. Ta fito zauren gidansu idanunta a kumbure, ta durƙusa ta gaishe shi. Da ta ji shi kawun Lurwanu ne sai ta fara kuka.

"Baba, wallahi bai taɓa jakar ba. A cinyata take tun daga nan har garinku."

"Daga kwanar rafi ina kuka tsaya?"

"Mun tarar ba a buɗe ajin ba, mai gadi ya tafi da makulli. Sai Malam na'ibi ya ce mu shigo zaurensa, tunda yana kallon makarantar. Ya yi mana addu'ar a gama lafiya. A nan na zauna na buga wa takardun hatimi duka, na sa hannu a bayansu, don kada layi ya yi ta jira. An hana mu yin haka, Baba, amma kowa yana yi."

"Kin fita kin bar su?"

"Matan gidan suka aiko in shiga in sha koko. Ban daɗe ba." Ta share hawaye da gefen hijabi. "Da takardu suka ƙare da wuri na zaci ni ce na yi kuskuren ƙirga. Abin tawadar dangwale ma biyu aka ba ni, ɗaya na gani. Na ji tsoron faɗa."

"Da azahar fa, wa ya tsare akwatin?"

"Wakilai suka ce za su yi salla, ba wanda ya yarda ɗan uwansa ya zauna da shi. Sai aka ce a kai zauren Malam a rufe, shi ne kowa ya amince da shi."

Maiwada ya daɗe yana kallon tabarma. Ba haka ya so ba. Malam Muzammil ne ya raɗa wa jikokinsa suna, shi ya yi wa matarsa salla da ta rasu. Kuma ya ji da kunnensa daga bakin mutane da yawa cewa Malam ya dafa Alƙur'ani, an duba hannunsa fes yake, sai ɗigo ɗaya irin na kowa. Mutum kamar Malam ba zai rantse a kan ƙarya ba, wannan Maiwada ya tabbata. Ya koma gida kansa a ɗaure.

*

Da safe ya zagaya bayan makaranta, ba don yana sa ran komai ba, sai don ƙafarsa ta saba. A jikin shingen ƙayar wata gonar wake ya ga takardun da iska ta kwasa ranar rikici, sun maƙale, raɓa ta lanƙwasa su. Ya ciro su a hankali ya shimfiɗa a ƙasa ya danne da tsakuwa.

Wasu dangwalen na mutane ne daban-daban: wannan siriri, wannan ya goge saboda ɓarar gyaɗa, wannan na mace ne mai rawar hannu. Sauran kuwa, masu ninki iri ɗaya, duk yatsa ɗaya ne. Faffaɗa ne, ya kusa cika gurbin, da wani farin layi da ya ratsa shi a karkace. Maiwada ya ce a ransa wannan mutum akwai ƙaton hannu. Har ya fara tattarawa sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan ɗigo a gefen dangwalen, ƙarami kamar ƙwayar dawa. Ya duba ta biyu, yana nan. Ya duba ta uku, yana nan a daidai wurin.

Ya dangwala babban yatsansa a yashi. Ba ɗigo, don babban yatsan hannu ba shi da maƙwabci kusa haka. Sai ya tsaya cak. Ya zare takalminsa, ya taka yashin da babban yatsan ƙafa, ya ɗaga. Ga faffaɗan sawu, ga kan yatsan da ke biye ya taɓa ƙasa a gefe. Farin layin kuwa faso ne, irin wanda ke tsaga ƙafar mai yawan alwala da tafiya a ƙasa.

Duk rayuwarsa ƙafa yake karantawa, amma bai taɓa zaton zai same ta a kan takarda ba. Kalmomin rantsuwar suka dawo masa: hannuna bai dangwala ba. Ya zauna a gindin shingen. Da azahar ya je masallaci ya tsaya a sahun gaba. Zafin kaka ne, ko riga mutum ji yake kamar ya cire, amma Malam Muzammil da baƙar safa a ƙafarsa.

*

Bayan la'asar Maiwada ya roƙi mai unguwa ya tara waɗanda suka rantse a ƙofar gidansa. Aka kira Datti daga Ajingi, ya zo yana ƙunƙuni. Mai gadi ya zo, wakilin ɗaya jam'iyyar ya zo, Malam Muzammil ya zo da Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle. Mutane suka cika bakin hanya.

"Ranka ya daɗe," in ji Maiwada, "rantsuwar ran nan akwai gyara. Ina so a sake, a ce babu wata gaɓa a jikina da ta dangwala. Kuma kamar yadda Malam ya koya mana, kowa ya yi alwala a nan gaban jama'a. Yau har da mai riƙe da littafin."

"Ina da alwala," in ji Malam.

"Mu ma muna da ita ran nan, Allah gafarta Malam," in ji Datti, "ka ce a sake."

Aka kawo butoci. Datti ya wanke ƙafafunsa har da cuɗa tsakanin yatsu, yana ɗaga su sama don a gani. Mai gadi ya yi, wakili ya yi. Malam Muzammil ya tsuguna, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska, komai a natse yadda ya saba koyarwa. Da ya zo ƙafa sai ya ɗan dakata. Sannan ya jiƙa tafinsa ya shafa a kan safar dama, ya shafa a kan ta hagu, ya miƙe.

Mutane suka kalli juna. Babu yaro babu babba a Gidan Ɓaure da bai san ra'ayin Malam a kan wannan ba. Lokacin da samari suka fara dawowa daga birni suna shafa a kan safar yadi, shi ne ya yi ta wa'azi juma'a bayan juma'a cewa wannan ba alwala ba ce, sai dai in huffin fata ne. Har ya taɓa fitar da wani saurayi daga sahu a kan haka.

"Ikon Allah," in ji Datti. "Malam, yaushe aka halatta?"

"A cire safar, ranka ya daɗe," in ji Maiwada.

Mai unguwa ya dubi taron, ya ga yadda ake matsowa. Ya tashi da sauri ya ce maganar ta manya ce, a shiga zaure. Su huɗu suka shiga: shi, da Malam, da Datti, da Maiwada. Aka saki asabari.

Maiwada ya shimfiɗa takardun ya nuna musu ɗigon, ya nuna layin. Malam bai yi gardama ba. Ya zauna ya zare safar dama. An ga alamar an sha cuɗa ƙafar, har fatar ta yi ja, amma tawada ta shige cikin fason da ya ratsa babban yatsan a karkace, ta kewaye farcen, ta taɓa kan yatsan da ke biye.

Sai Malam Muzammil ya ce, a hankali, yana kallon bango: "Jibi ne. Fason ke damuna, na sa masa."

Mai unguwa ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. "To, ai kun ji. Jibi ne."

"Lurwanu ma haka ya ce," in ji Maiwada.

"Maiwada, Lurwanu ɗan yayarka ne, dole ka ji zafi, ba mu ga laifinka ba. Amma ka duba. In maganar nan ta fita, wa zai ja mu salla in liman ya kwanta? Auren da ya ɗaura fa, da yaran da ke karatu a gabansa? Garin nan rabewa zai yi biyu."

Maiwada ya juya ga Datti. "Mutanenka aka hana zaɓe. Kai ka ga takardun a cike. Ka ga ƙafar nan da idonka."

Datti ya sosa ƙeya. In aka tono maganar, ana iya cewa a sake zaɓen rumfar, kujerar da suka riga suka yi wa murna ta koma kasuwa. "Ni fa Baba ban san kan sawu ba," ya ce. "Malam ya ce jibi ne."

Sabuwar rantsuwar ba a yi ta ba. Mai unguwa ya fita ya gaya wa jama'a cewa Malam ciwo gare shi a ƙafa, kowa ya watse. Suka watse kuwa, da saurinsu, kamar dama abin da suke jira a ce musu ke nan.

*

Malam ya tsaya mayar da safarsa, Maiwada ya tsaya tattara takardunsa, sai suka rage su biyu.

"Ka san dai ban rantse a kan ƙarya ba," in ji Malam.

"Na sani. Tun kana dangwalawa ka shirya rantsuwar."

"Sau nawa aka kawo mana takardu ba su isa ba, Maiwada? Wa aka taɓa kamawa? Sau nawa ka ji an ce garin kaza mutum ɗari ne amma ƙuri'arsu dubu? Mu muna zaune muna cewa Allah ya isa, su suna samun rijiya da rufin makaranta. Islamiyyarmu damina uku ke nan yara na karatu ruwa na zuba a kansu. Yaron nan da ya tsaya takara almajirina ne, ya yi min alkawari. Na ce sau ɗaya dai mu ma mu yi abin da kowa ke yi."

"Ba daga gari aka rage ba bana. Bana an kawo a cike. Kai ka rage."

Malam ya ci gaba da gyara safarsa.

"Ga shi ba rufin, ba kujerar, ba ƙuri'ar kowa. Saura yaron. Malam, kai ka yi masa huɗuba ran da aka haife shi. Mu je gari tare, ka faɗa da bakinka."

"Ni na hana a doke shi," in ji Malam, idonsa ya kawo ruwa. "Ina yi masa addu'a kowace salla. Za su sake shi, ba su da hujja."

"Suna da ita. Gari guda ya ba da shaida."

Malam ya gyara ƙyallen Alƙur'aninsa, ya sa takalmi, ya ɗaga asabari ya fita, don an kusa kiran magariba.

*

Maiwada ya kai takardun gari. Aka saurare shi da mutunci, aka ce takardar da aka tsinto a ƙaya ba ta isa ba, ya kawo wanda ya ga ƙafar. Ya koma wa Datti, aka ce ya yi tafiya. Ya koma wa Haulat, mahaifinta ya tare shi a ƙofa ya ce yarinyar ta sa hannu a inda bai kamata ba, in ta buɗe baki ita za a fara riƙewa, a yi musu rai. Mai unguwa kuwa da ya hango shi sai ya shige gida. Kafin ya gama zagayen nan an ɗauke Lurwanu zuwa gidan yari a birni, jiran shari'a, kuma ba wanda ya iya gaya masa ranar da za a zauna.

Juma'ar da ta biyo baya liman ba shi da lafiya, Malam Muzammil ya ja salla. Ya shigo ba safa. Maiwada yana sahun gaba, da aka yi sujada aka ɗago idonsa ya sauka kan ƙafar. Fason yana nan, amma fes yake, ruwa da sabulu sun gama aikinsu. A bayansa gari ya ce amin da murya ɗaya, har da mutanen Gangare. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan sahu ba.

Daga masallaci ya wuce gidan Uwa. Gyambon ya faɗaɗa, ƙaurin ya kumbura, karan da yake sa mata maganin da shi sai ƙara fama ta yake. Ya jefar da karan, ya tsoma yatsa a kwalbar, ya shafa mata a hankali yadda Lurwanu ke yi.

"Ka ga sawun?" ta tambaye shi. Kullum sai ta tambaya.

"Na gani, Yaya."

"Ka bi shi?"

"Har gida."

"To ina ɗana?"

Maiwada ya sunkuyar da kai. Ya ɗaure mata tsumman, ya rufe kwalbar ya mayar taga. Ta daɗe tana kallonsa, kuma ba ta sake tambaya ba. Da ya ɗauki sandarsa zai fita sai ta kira shi.

"Wanke hannun nan kafin ka fita."

Ya dubi yatsunsa. Sun rine har cikin farce. Ya zuba ruwa ya cuɗa, ya ƙara da ƙasa ya cuɗa.

"Ba ya fita, Yaya."

"To sa shi a aljihu," in ji Uwa. "Kai kaɗai ka rage min."